Kafin Hadari Ya Taso Daga Gabas

Duk gidan ƙasa da ke masarautar Daura, daga Baure zuwa Mai'adua, daga Zango zuwa Sandamu har cikin birnin Daura, yana da raminsa a wani wuri. Wani ne ya ɗauki diga da kwando ya je bayan gari ya haƙo ƙasar da aka tayar da bangon, ramin da ya bari kuwa shi ne kududdufin da yawancinmu muka koyi iyo a ciki, muka kama tarwaɗarmu ta farko da fatsar kara. Gwargwadon tsayin katangun unguwa, gwargwadon zurfin kududdufinta. Ruwan da ya sauka a kan soronmu ma can yake gangarawa ya kwanta, kifi ya hayayyafa a cikinsa.

A irin waɗannan watanni hankalin saurayi kan rabu biyu. Zafi ya kai intaha, ruwan tafki ya ja baya, kifi ya taru wuri guda, abokai suna bugo waya a tafi dam ɗin Sabke ko na Daberam. A gida kuma Baba yana zagaya katanga yana ƙwanƙwasa ta da sanda, yana cewa lokacin yaɓe ya yi. Mai kallo daga nesa zai ce ɗayan shaƙatawa ne, ɗayan wahala. Mu da muka tashi tsakanin biyun mun ga cewa ruwa guda ne muke hulɗa da shi a wuraren nan biyu, kuma wanda ya san halinsa a bakin tafki ya fi saurin gane inda zai ɓullo wa ɗaki. Shi ya sa muke so mu tattauna su tare tun sararin sama yana fari.

Bari mu fara da yadda ake samun bango. Ginin ƙasa aikin rani ne. Da an gama kai amfanin gona gida sai magina su shiga aiki. A haƙo jar ƙasa, a jiƙa ta, a zuba mata yankakkiyar ciyawa ko kashin doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, a sake tattakewa. Daga nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana har ya bushe ƙamas. Magini yana zaune a kan bango, yaro yana jefo masa tubali daga ƙasa yana cafewa, yana jerawa yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Bangon yakan fara da kauri a gindi, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. Rufi kuwa azara ce, wadda ake tsagowa daga giginya, itacen da gara ba ta cika iya masa ba. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kamar ƙafa shida, don haka magina suka fito da dabarar bakan gizo da daurin guga domin a sami ɗaki mai faɗi.

Wannan sana'a ce mai daraja a ƙasar Hausa. Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, har yau masu karatun zanen gine-gine suna nazarin aikinsa. A ƙetaren iyaka, magini Falke Barmu na garin Yama a jihar Tawa ya yi ginin ƙasa da ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Hasumiyar Gobarau a Katsina ta ga ɗaruruwan damuna tana tsaye. Amma duk wanda ya san ƙasa ya san ba ƙarfin ginin farko kaɗai ya riƙe irin waɗannan ba. An yi ta komawa ana yaɓe su ne, tsara bayan tsara. Ranar da aka daina komawa, ranar suka fara komawa ramin da suka fito.

Ruwa yana cin gidan ƙasa ta wuri biyu, ta ka da ta gindi. Don mu san girman abin da muke fama da shi, ga ɗan lissafi. Idan ruwan sama ya sauka milimita ɗaya a kan fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Ɗaki mai mita 4 da mita 5 yana da rufi mai murabba'in mita 20. A yi ruwa na milimita 30, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Agusta, lita 600 ke nan ta sauka a kan ɗakin nan shi kaɗai, wato jarka 24 mai cin lita 25. Duk wannan ruwa ta indararo ɗaya ko biyu zai fita. Idan tsuntsu ya yi sheƙa a bakin indararon, ko leda ta toshe shi, jarkokin nan 24 suna nan kwance a kan soro suna neman hanya, kuma sai sun samu.

Saboda haka aikin farko shi ne hawa sama. A sa tsani a hau da tsintsiya da ɗan buhu, a share ganye da ƙura da kashin tantabaru, a cire ciyawar da ta tsiro bara tun daga saiwa. A taka a hankali ta gefen bango, kada a bi tsakiya. A duba ko akwai inda rufin ya lotsa, domin nan ne ruwa zai kwanta, a cike shi yadda zai gangara zuwa indararo. A bi rawanin bango da zankwaye, a toshe duk wata tsaga komai ƙanƙantarta, tunda dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ya fi ƙadangare iya kurɗawa. Sai a zuba bokiti ɗaya na ruwa a nesa da indararo a tsaya a ga inda ya bi. Indararon kansa ya zama dogo, yana jefa ruwa nesa da bango, kuma a ajiye dutse ko fasasshen bulo inda ruwan ke faɗuwa don kada ya haƙa rami a gindin ɗaki. Wanda ya sa randa ko duro a wurin ya samu ruwan wanki a kyauta.

Daga nan a sauko a shiga ciki da tocila. A ɗaga kai a bi azara ɗaya bayan ɗaya, musamman inda kanta ya nutse cikin bango, domin nan take fara ruɓewa. A soka mata tsinin wuƙa. Idan ya shige da sauƙi, ko gari ya zubo, ko an ga azara ta yi ciki kamar baka, wannan ya wuce aikin samari, a kira magini, kuma kafin ya zo a tokare da gungume a fitar da gado daga ƙarƙashinta. A duba hanyoyin gara, waɗannan siraran layukan ƙasa da take ginawa a jikin bango, a bi su har inda suka fito. Tabon ruwa na bara da ke jikin rufi shi ne taswirar inda za a yi yoyo bana.

Gindin bango shi ne inda aka fi sakaci, kuma shi ya fi kisa. Feshin ruwa da ke dawowa daga ƙasa, da ruwan da ke kwanciya a lungu, da fitsarin awaki da aka ɗaure a jikin katanga, duk suna cinye gindin a hankali har ya yi kogo. Bangon da aka gina da kauri a ƙasa sai ya koma siriri a ƙasa da nauyi a sama. Irinsa ba ya faɗuwa a ruwan farko. Yakan jira marka, lokacin da aka kwana biyu ko uku ana yayyafi ba rana, ƙasa ta jiƙe har ciki, sa'an nan ya kwanta da tsakar dare mutane suna barci. Maganinsa shi ne a cike kogon tun yanzu da ƙasa mai ƙarfi, sahu sahu ana bari tana bushewa, sannan a yi dakali ko a tara ƙasa a jikin bangon ta gangara waje. A buɗe rariya, a tabbata ruwan tsakar gida yana da hanyar fita wadda ba ta bi ta gindin katangar maƙwabci ba. Bangon gabas kuma a ba shi kulawa ta musamman, don hadarin ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ne ke shan dukan farko.

Kakanninmu suna da nasu maganin ruwa. Bayan an cire garin ɗorawa an ware kalwa don daddawa, ɓawon da ya saura shi ake jiƙawa a samu makuba, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, bango ya yi duhu ya yi santsi ruwa na zamewa. Na kan soro kuwa laso ne, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Ku lura da yadda gida ɗaya ya dogara ga mai ɗorawa da marini da majemi. Yau marina ta yi ƙaranci, itatuwan ɗorawa da giginya sun ragu a gonaki, shi ya sa mutane suka koma siminti.

Mun taɓa tambayar wani dattijon magini a unguwarmu ko shafa siminti a bangon ƙasa ya isa. Ya ajiye cokalin gininsa ya ce, “Samari, ku zo ku ji.” Ya ƙwanƙwasa wani bango mai sumul da ɗan yatsa, sai muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya ce, “Kun ji? Siminti da ƙasa ba sa auren dindindin. Ƙasa tana numfashi, shi ba ya yi. Ruwa ya shiga ta tsaga ɗaya a sama, ya rasa ta inda zai fita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Mai gida yana ganin fuska lafiya, ciki ya zama kunu.” Muka ce, “To Baba, mene ne abin yi?” Ya ce wanda ya riga ya shafa, ya riƙa ƙwanƙwasawa kowace bazara, inda ya ji amon ganga ya ɓamɓare ya gyara, kuma kada ya bar tsaga ko ɗaya a saman bango. Wanda kuma zai yi sabon aikin siminti, ya yi ta ba shi ruwa safe da yamma har mako guda, domin simintin da ya bushe da gaggawa a zafin Afrilu ba ya yin ƙarfi.

Masu rufin kwano kada su ce sun tsira. Abokin gabarsu iska ce, wadda ke zuwa gaban ruwan farko da jar ƙura. Kwanon da ta samu bakinsa a ɗage sai ta shiga ƙarƙashi ta yaye shi gaba ɗaya, wani lokaci har da katako, ta jefa a gidan wani. A hau a bi ƙusoshi, wadda ta ɗago a mayar da ita ko a sauya, kuma a tuna ƙusar kwano a kan tudu ake buga ta, domin kwarin hanyar ruwa ce. A duba inda katako ya haɗu da bango, a ɗaure shi da waya mai kauri ko langa-langa da aka nutsa cikin gini. Ɗora duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano dabara ce ta wucin gadi, ranar da iska ta fi ƙarfinsu su ma abin jifa ne. Reshen darbejiya da ya rankwafo kan ɗaki a sare shi yanzu. Idan akwai wayar lantarki kusa da rufin, kada kowa ya hau sai an kira wanda ya san aikin wuta.

Duk wannan shawara tana da amfani ga gidan da yake da samari. Tambayar da ta dame mu a zumuntarmu ita ce gidan da ba shi da su. A kowane ƙauye akwai tsohuwar da 'ya'yanta suka tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, akwai gwauruwa mai ƙananan yara, akwai dattijon da idonsa ya yi rauni ba ya ganin tsagar da ke saman gadonsa. Su ne labarinsu ke zuwa a watan Agusta, a ce ɗaki ya rufta da wance da jikokinta. Sai mu yi salati da jaje, mu kai gudummawar hatsi, alhali aikin yini guda a watan Mayu da ya hana.

Bara mun je gayya gidan wata tsohuwa a wani ƙauye da ke hanyar Zango. Mun kai mu goma sha. Da muka yi sallama ta leƙo ta ce, “'Ya'yana, wa ya aiko ku? Ni ba ni da kuɗin magini.” Babbanmu ya durƙusa ya ce, “Inna, ba kuɗi muka zo nema ba, ki dai nuna mana inda ke yoyo.” Ta kai mu ɗakin da take kwana da jikoki uku. Gindin bangon gabas ya yi kogon da hannu ke shiga har gwiwa, indararo ya karye tun wancan bara, ta ce idan hadari ya taso sai ta tattara yaran su koma zaure su zauna har gari ya waye. 'Yan mata suka yi ta jigilar ruwa daga rijiya, samari suka haƙo ƙasa da amalanke, wani maƙwabcinta magini da ya ga abin da ake yi ya ɗauko kayan aikinsa ya shigo ba wanda ya kira shi. Kafin la'asar an cike gindin, an kafa sabon indararo na kwano. Bayan mako muka koma muka yi yaɓe na biyu. Kuɗin da muka kashe bai kai na cin abincin taro ɗaya ba. Gaskiyar masu iya magana, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ruwan sama ba ya tambayar gidan wane ne kafin ya shiga, don haka mu ma da za mu zaɓi gidan da za mu taimaka, tsagar bango muke dubawa.

Yanzu mu bi ruwan zuwa inda ya tafi. Da damina ta kankama, ramukan da aka haƙa da rani sai su cika, fadamu su ɗauka, rafuka su kawo. Cikin 'yan makonni sai ka ga kifi a ramin da watan jiya ƙura ce ke tashi a cikinsa, yara su ce daga sama ya faɗo. Ba daga sama ba ne. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska, tana iya jan ciki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da dare daga wannan ruwa zuwa wancan, kuma a farkon damina take bin ambaliya ta zuba ƙwai cikin ciyayin da ruwa ya rufe. Gaiwa kuwa ba ta ma tafi ko'ina ba. Tun ruwa bai gama ƙafewa ba take nutsawa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama mata ɗaki, ta bar 'yar ƙofa ta numfashi, ta kwanta wata da watanni har ruwa ya dawo. Tana gyara ɗakinta ne tun lakar tana da taushi. Da za ta jira ƙasa ta bushe, da ba ta iya haƙawa ba.

Kamun kifi yana da nasa ladabi, kuma masunta na gado sun san shi. Akwai mai fatsa da tana, mai birgi da ke jefawa ta buɗe kamar faifai, mai kalli da ke shimfiɗawa ya kwana, mai mamari da ƙugiyoyi jere, da mai gora da koma da ke kwanciya a kan ruwa yana iyo. A al'adar su, tafki yakan zauna a rufe har sai Sarkin Ruwa ko mai gari ya sa rana, sa'an nan a shiga gaba ɗaya. Bikin Argungu, wanda aka fara a 1934, a kan wannan tsari ya ginu, ana hana taɓa ruwan Matan Fada har ranar da aka buɗe shi, shi ya sa ake fito da giwan ruwa da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Hikimar a fili take, kifin da aka bari ya girma ya yi ƙwai shi ne kifin baɗi. Uwar karfasa a bakinta take renon ƙwanta da 'ya'yanta, wanda ya kama ta a wannan hali ya kashe ɗaruruwa a jefa ɗaya.

Abubuwa biyu ne ke lalata ruwanmu yanzu, kuma sau da yawa hannun matasa ne a ciki. Na farko tace tafki da gidan sauro. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin ko ɗan da aka ƙyanƙyashe jiya, ga shi an jiƙa shi da maganin ƙwari, ga kuma yaron da aka cire wa shi daga gado an bar shi da zazzaɓin cizon sauro. Na biyu zuba maganin feshi ko wata guba a ruwa don kifi ya taso. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa da wutar lantarki wajen kamun kifi, amma ko ba doka, ai ruwan nan shi shanun Fulani ke sha, shi mata ke wanki da shi, kifin kuma a kasuwar garinmu za a soya shi ƙannenmu su saya. Idan abokinmu ya zo da kwalba a aljihu, mu ne ya kamata mu fara riƙe masa hannu.

Ruwan da ke ciyar da mu yana kuma ɗaukar rai. Kududdufi ba kamar tafki ba ne da ke zurfafa a hankali. Rami ne da aka sara da diga, taku ɗaya ruwa a gwiwa, taku na biyu ya shanye mutum, ƙasansa kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Kada ƙaramin yaro ya je shi kaɗai, kuma kada wanda bai iya iyo ba ya faɗa don ceton wani, a miƙa gora ko igiya ko jarka marar komai mai murfi. Kwalekwale a dam kada a cika shi fiye da kima, kuma da an ga gabas ta yi baƙi a fito, domin iska kan riga ruwa isowa, tsawa kuma tana son mai tsaye a fili da doguwar sanda. Sai tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance inda ƙananan katantanwa ke zama, ƙwayar cutar ta huda fata ta shiga jiki. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa wa yara maza. Ciwo ne mai lalata mafitsara idan aka bar shi, kuma maganinsa yana asibiti, ƙwayoyi ne da ake bayarwa gwargwadon girman mutum.

Akwai kuma abin da ya haɗa gidan da ramin kai tsaye. Garuruwanmu suna faɗaɗa, fili ya yi tsada, sai a cike kududdufi da shara a yanka fuloti a sayar. Wanda ya saya ya yi gini a kan ƙasar da ba ta zauna ba, bango ya fara tsagewa tun ba a yi fenti ba. Ruwan unguwa da ya saba kwanciya a nan shekara da shekaru ya zo ya tarar an gina masa wuri, ya shiga gidajen mutane. Haka kuma magudanar da muka cika da ledar ruwa da robobi. Mutanen jiharmu ba su manta da daren watan Yuli na 2018 ba, lokacin da ambaliya ta auka wa Jibiya ta kashe sama da mutum 40 ta rushe ɗaruruwan gidaje. Duk ɗan'uwan da ke tara kuɗin fuloti don aure, kafin ya biya ya je ya ga wurin a watan Agusta, ya kuma tambayi tsofaffin unguwa ina ruwa ke bi a da. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

To, ga abin da muke roƙon kowane reshe na zumuntarmu ya yi. Asabar ɗin da suka rage kafin ruwa ya sauka ba su da yawa. Ta farko kowa ya duba gidan iyayensa, sama da ciki da gindi. A taro na gaba kowa ya zo da sunan gida ɗaya a unguwarsu da ba shi da mai hawa tsani, a je a gaida mai unguwa a sanar da shi, a nemi magini ɗaya ya yi mana jagora, a raba aiki. Wata Asabar ɗin a yashe magudanar layi tare da sauran matasan unguwa. Wanda ke da gona ya nemi ƙwallon giginya da irin ɗorawa ya binne a kan iyaka da ruwan farko, ko da jikoki ne za su tsaga azarar. Idan an gama, sai a ɗauki fatsa da tana a tafi Daberam da sassafe, a saki ƙananan da suka kama ƙugiya, a kawo manyan gida a yi romo, a ɗiba a kai wa Inna a ɗakinta da ba ya yoyo.

Allah ya kawo mana damina mai albarka, ya tsare tsofaffinmu da ƙannenmu a cikin ɗaki da bakin ruwa, ya ba hannuwanmu ƙarfin aiki. Amin.